Kanari a Layin Baya

Akwai wata yarinya da Allah ya ba murya mai daɗi. A gida da makaranta kowa Kanari yake ce mata. Babanta ne ya laƙa mata sunan, domin tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa. Tana shara tana waƙa. Tana wanke-wanke tana waƙa. Har aikin makaranta ma da waƙa take haddace shi.

Kanari tana da ƙane guda ɗaya, ana ce masa Auta. Auta yana da in'ina. Idan zai yi magana, kalmar farko takan maƙale masa a baki. Sai ya rufe ido, ya buga ƙafa a ƙasa, kafin ta fito. Shi ya sa ba ya son magana a cikin mutane.

Amma akwai wani abin mamaki. Idan Auta yana waƙa, in'inar ba ta zuwa. Mama ce ta fara lura da haka. Wata rana da safe Kanari tana shara tana rera waƙa, sai Auta ya bi ta daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya bai tsaya ba.

Mama ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta ce, "Auta, sake yi in ji."

Auta ya buɗe baki shi kaɗai, sai kalmar ta maƙale. Da Kanari ta sake ɗauko waƙar, sai ga shi ya bi ta lafiya lau. Ashe sai ya ji muryar yayarsa kusa da kunnensa sannan tasa take fita.

Babansu mai fenti ne. Yana da wani dogon tsani na katako, duk ya ɗiɗɗige da fenti kala-kala. Babu wanda bai san tsanin nan ba a layinsu. Yau mai shago zai zo aro don ya gyara kwanon rufinsa. Gobe wata tsohuwa za ta aiko jikanta, wai ƙwan lantarkinta ya mutu. Baba bai taɓa hana kowa ba.

Mama takan ce, "Tsanin nan ya fi mu sanin gidajen mutane. Baƙo ne shi a gidan nan."

Baba ya yi dariya ya ce, "Ai ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni. Mai shi ya ce in riƙa ba mabuƙata."

Kanari ta ce, "Baba, ba kai ka saya ba?"

"Ni na saya. To, wa ya ba ni hannun da na yi aikin da shi?"

Kanari ta dubi tsanin. A ranta tana ganin da ita ce mai tsanin, da ta kulle shi a ɗaki.

A cocinsu akwai ƙungiyar mawaƙa ta yara. Malamar makarantar Lahadi ce ke koya musu. Malama ba ta wasa da aiki. Idan yaro ya ja waƙa inda bai kamata ba, sai an sake. Idan wani ya haɗiye ƙarshen kalma, sai an sake. Duk da haka yara suna sonta, domin ba ta zagi, kuma ba ta manta wanda ya yi ƙoƙari.

Wata rana Malama ta zo da albishir. Ta ce, "Fasto ya yarda ƙananan yara su yi waƙa a gaban dukan jama'a ranar Lahadi. Wannan ne karonsu na farko."

Yara suka yi ta tsalle. Waƙar mai sauƙi ce. Yaro ɗaya zai yi tambaya, sauran su amsa. Wani ya ce, "Wa ya ba ni hannuwa?" Sauran su ce, "Ubangiji ne." Wata ta ce, "Wa ya ba ni ƙafafu?" Su ce, "Ubangiji ne."

Malama ta dubi Auta ta ce, "Kai ne za ka rera ta ƙarshe. Za ka ce, 'Wa ya ba ni bakin yabo?'"

Auta ya zaro ido. Ya ce, "Ni-ni-ni, Malama?"

"Kai ɗin. Na ji ka, za ka iya."

Daga nan Malama ta fara jera su. Ta sa ƙanana a gaba. Ta sa masu ɗan tsawo a tsakiya. Kanari tana tsaye tana jira a ce ta fito gaba. Sai Malama ta kama hannunta, ta kai ta layin baya, daidai bayan Auta.

Kanari ta ce, "Malama, ni ce fa."

"Na san ke ce. Shi ya sa na kawo ki nan."

"Ai a nan ba wanda zai gan ni."

Malama ta ce, "Saurara da kyau. Ƙananan nan ba su iya riƙe waƙa su kaɗai ba tukuna. Idan mai murya tana gabansu, muryarta wajen jama'a za ta tafi, su ba za su ji ba. Idan tana bayansu, cikin kunnensu za ta shiga. Kada ki ɗaga murya sosai. Ki rera a hankali, su kuma su hau kai. Kin gane?"

Kanari ta ce, "Na gane, Malama." Amma fuskarta a murtuke take.

Abin da ya ƙara ɓata mata rai shi ne rigarta. Mama ta ɗinka mata sabuwar riga rawaya mai aljihu biyu. Ta so ta sa ta a gaban jama'a, kowa ya gani. Yanzu ga shi za a ɓoye ta a bayan yara.

A hanyar gida Auta yana ta murna. Ya kama hannunta ya ce, "Ya-yaya, za ki tsaya a ba-bayana, ko?"

Kanari ta fizge hannunta. Ta ce, "Muryata ce. In na ga dama in yi, in na ga dama in bari."

Auta ya ɗauka wasa take yi.

Ranar Lahadi coci ya cika. Baba ya sa farar rigarsa wadda babu ɗigon fenti a jikinta. Mama ta zauna kusa da gaba don ta ga Auta da kyau. Yara suka fito suka jeru. Kanari ta tsaya a layin baya cikin rigarta rawaya. Kan wani yaro ya tare ta, ko aljihun rigar ba a gani.

Malama ta ɗaga hannu. Yara suka fara. Kanari ta rufe bakinta gam.

Da farko abin ya tafi daidai. Can sai waƙar ta fara karkacewa. Wasu suka yi sauri, wasu suka yi baya. Malama ta dubi Kanari. Kanari ta ɗaga kai tana kallon fanka.

Sai aka zo kan Auta. Ya ja numfashi. Ya kasa kunne ya ji muryar yayarsa, bai ji kome ba. Ya waiga ya dube ta. Ba ta dube shi ba.

Ya buɗe baki ya ce, "Wa-wa-wa…"

Kalmar ta ƙi fita. Ya rufe ido. Ya buga ƙafa. Coci ya yi tsit. Sai wasu manyan yara a bencin baya suka ƙyalƙyale da dariya.

Wannan dariya ba ta da kyau ko kaɗan. Duk wanda ya yi wa mai in'ina dariya ya yi laifi, yaro ne ko babba. Bai kamata a bar irin wannan ya wuce kamar ba a yi ba.

Auta ya fita daga layi da gudu. Ya je ya ɓoye fuskarsa a jikin Mama. Malama ta ja sauran yaran suka ƙarasa waƙar da ƙyar.

Da aka tashi, Malama ta kira Kanari gefe. Ta ce, "Me ya hana ki rerawa?"

Kanari ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Maƙogwarona ke ciwo."

"Da safen nan na ji ki a bakin famfo kina rera waƙa, har tsuntsaye suna jin kunya. Yaushe ciwon ya zo?"



Malama ta ƙara da cewa, "Laifi ɗaya ya isa. Kada ki ɗora masa ƙarya. Je ki gida ki dubi ƙanenki."

A gida Auta ya ƙi cin abinci. Ya shiga ɗaki ya kwanta, ya juya fuskarsa bango. Da Mama ta lallashe shi, abu ɗaya kawai ya faɗa. Ya ce, "Ba-ba zan ƙara waƙa ba."

Mama ta fito ta dubi Kanari. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce kawai, "Cire rigar nan ki ninke, kada ta yi datti." Da ma dukanta ta yi, da ya fi wa Kanari sauƙi.

Washegari bayan an tashi daga makaranta, Baba ya ce, "Kanari, zo ki raka ni. Zan ƙarasa fentin bangon coci ta waje. Ina neman mai riƙe mini tsani."

Suka tafi. Baba ya jingina tsanin da bango. Ya nuna mata inda za ta sa ƙafa da inda za ta kama. Ya hau da gwangwanin fenti da buroshi, har can sama.

Mutane suna wucewa suna gaishe shi. "Sannu da aiki, mai fenti." "Kai, bangon nan ya yi kyau." Ba wanda ya ce wa Kanari sannu. Hannunta ya gaji. Ɗigon fenti ya faɗo mata a goshi.

Can sai Baba ya leƙo daga sama. Ya ce, "Kanari, na ga ba wanda yake ganinki a nan. Saki tsanin ki koma bakin hanya, inda za a gan ki da kyau."

Kanari ta ƙara ƙanƙame tsanin. Ta ce, "Haba Baba, ai faɗuwa za ka yi."

"To, mene ne? Hannunki ne. In kin ga dama ki riƙe, in kin ga dama ki saki."

 Nan take Kanari ta gane Auta ya gaya wa Baba abin da ta ce a hanya. Idonta ya cika da hawaye, amma ba ta da hannun sharewa, domin duka biyun suna kan tsani.

Baba ya sauko a hankali. Ya zauna a kan matakalar ƙasa, ya goge mata fentin da ke goshinta da tsumma.

Ya ce, "Jiya Auta ya hau sama, ya dogara da ke. Ke kuma kika saki."

Kanari ta fashe da kuka. Ta ce, "Baba, ni so nake a gan ni."

"Na sani. Kowa yana so. Ni ma ina jin daɗi in aka yaba bangona. Amma gaya mini, a wace kasuwa kika sayo muryar nan?"

"Ban saya ba."

"Ni na ba ki?"

Kanari ta girgiza kai. Duk da hawayen sai da ta yi ɗan murmushi, domin kowa ya san muryar Baba. In yana waƙa a banɗaki, Mama takan ce a duba ko ƙofa ce ke neman mai.

Baba ya ce, "Kin ga ba daga wurina ba ce. Allah ne ya ba ki, kyauta. Kuma bai ba ki don ki kulle a ɗaki ba. Ya san akwai yaro a gidan nan da zai buƙace ta. Tsanina da muryarki duk ɗaya ne. Ajiya ce. Da su muke yi wa Yesu hidima, in mun taimaki mutanensa."

Da suka koma gida, Kanari ta wuce ɗaki wurin Auta. Ta ce, "Auta, ka yi haƙuri. Da gangan na yi shiru. Ban kyauta ba."

Auta ko kallonta bai yi ba. Ya ci gaba da tura motarsa ta gwangwani a ƙasa.

Ranar koyon waƙa Auta ya ƙi zuwa. Kanari ta je ita kaɗai. Ta samu Malama tana share allo. Ta ce, "Malama, na yi ƙarya. Maƙogwarona lafiya lau yake. Na ba Auta haƙuri, amma ya ƙi kula ni."

Malama ta ajiye tsumman. Ta ce, "Kin yi daidai da kika faɗi gaskiya. Amma haƙuri na baki bai isa ba. Abin da mutum ya ɓata, shi zai gyara. A gaban jama'a aka kunyata yaron nan, a gaban jama'a za a mayar masa da darajarsa. Na riga na roƙi Fasto, ya ce mu sake yin waƙar duk ranar da Auta ya shirya."

"In ya ƙi fa, Malama?"

"Wannan aikinki ne. Ni na yi nawa."

Lalle kuwa Malama ta yi nata. Ta nemo yaran nan da suka yi dariya, ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ta tasa su gaba har gidan su Kanari. Suka tsaya a tsakar gida suna sosa ƙeya. Babbansu ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Malama ta ce, "Ban ji ba. Ranar da kuke dariya har bakin ƙofa ana jin ku. Ɗaga murya."

Yaron ya ce, "Auta, mun yi maka laifi. Ka yafe mana."

Auta ya leƙo ta bayan Mama, ya gyaɗa kai. Amma waƙa dai bai yi ba.

Kanari ta yi tunani, ta yi addu'a. Sai dabara ta zo mata. Da safe ta ɗauki tsintsiya ta fara shara a ƙofar ɗakinsu. Ta rera waƙar a hankali, kamar yadda Malama ta koya mata. Ta yi ta hannuwa. Ta yi ta ƙafafu. Da ta zo wurin da Auta zai shiga, sai ta bar kalmomin, ta ci gaba da rera sautin kawai da baki a rufe. Sannan ta amsa, "Ubangiji ne."

Auta yana jinta. Amma bai shiga waƙar ba.

Washegari ta sake. Kullum da safe haka take yi. Mama ta ce, "Ƙofar ɗakin nan ta sha shara, saura kaɗan ki share simintin." Kanari ta yi dariya, amma ba ta daina ba.

Wata safiya tana cikin shara, ta zo wurin da take barin kalmomin. Sai ta ji wata 'yar murya daga cikin ɗaki.

"Wa ya ba ni bakin yabo?"

Babu in'ina ko kaɗan. Kanari ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Mama ce ta amsa daga kicin, Baba kuma ya amsa daga bayan gida da muryarsa ta tsohuwar ƙofa: "Ubangiji ne."

Auta ya fito yana dariya. Ya ce, "Ba-baba ya ɓata waƙar."

Ranar Lahadi yara suka sake jeruwa a gaban jama'a. Ba sai da Malama ta nuna wa Kanari wurinta ba. Da kanta ta wuce layin baya, ta tsaya bayan Auta. Ta sunkuya ta raɗa masa, "Ina nan. Ba zan saki ba."

Malama ta ɗaga hannu. Kanari ta rera a hankali, ƙanana suka hau kan muryarta. Ba wanda ya yi sauri, ba wanda ya yi baya. Da aka zo kan Auta, bai ko waiga ba. Ya ɗaga kai ya rera tambayarsa har ƙarshe. A wannan karon ba yara kaɗai suka amsa ba. Dukan coci ne ya amsa, har da yaran bencin baya.

Da aka fito, mutane suka kewaye Auta suna shafa kansa. Wata tsohuwa ta ce, "Yaran nan sun iya waƙa. Wa ya riƙe su haka?"

Auta ya nuna Kanari ya ce, "Ya-yayata ce."

Tsohuwar ta ce, "Au, tana ciki? Ban ma gan ta ba."

Kanari ta yi murmushi. Abin bai yi mata zafi ba ko kaɗan. Malama ta zo wucewa, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Yau babu abin da za a sake." Duk wanda ya san Malama ya san wannan babban yabo ne.

Da suka isa gida, sai suka tarar da mai shago a ƙofa yana jira. Ya ce, "Mai fenti, ko tsanin yana nan?"

Kafin Baba ya amsa, Kanari ta ce, "Yana nan, Kawu. Bari in canza riga in zo in riƙe maka." Auta ya ce shi ma zai kama gefe ɗaya.

Tun daga ranar Kanari ta gane cewa duk abin da muke da shi, murya ce ko hannu ko tsani, Allah ne ya ba mu. Ya ba mu ne don mu yi masa hidima, mu kuma taimaki juna, ko an gan mu ko ba a gan mu ba.